Layin Baba a Jikin Jirgin Kawa

Shekarun baya, lokacin ina zaune a wani dogon bene a yammacin Alexandria ta ƙasar Amurka, mahaifina ya zo wurina jinya. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya same shi a Kafanchan, ya taɓa masa hannun dama da ƙafa, ya kuma ɗan karkata masa baki. Da yake ni nas ce, 'yan'uwana suka ce ai magana ta ƙare, a kawo shi wurina. Ni ma a lokacin ina ji da kaina, na ce a kawo shi, za ku ga aiki.

Baba kafinta ne tun kafin a haife ni. Bencinan cocinmu shi ya yi su, ƙofofin rabin unguwarmu aikinsa ne. Mutum ne mai surutu da tsokana, in yana shago tun daga bakin titi za ka jiyo muryarsa. Amma wanda na ɗauko daga filin jirgi wani mutum ne daban. Ƙafar ba ta ba mu wahala ba, ba a jima ba ya koma tafiya da sanda. Hannun ne ya ƙi. Mai gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa, sai Baba ya juya shi ya ajiye a kan tebur.

Ya ce, "Uwata, ni da na tsufa da guduma a hannu, yau ni za a ba abin wasan yara?"

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ni kuwa sai na mai da gidan asibiti. Baba ɗaga hannu, Baba an sha magani, Baba bari in auna jini. Ko gaisuwar kirki na daina yi masa, sai tambaya kamar mai zagayen majinyata. Shi kuma ya daina magana. Ya wuni a kujera yana kallon motoci ta taga. Ran nan ina ɗaura masa abin awo ya ce in nema masa hanyar komawa, in mutuwa ce gara ta same shi a gida. Wannan maganar ta tsaya mini a rai.

Da Asabar ta zo na lallaɓa shi muka tafi tsohon gari, can bakin kogin Potomac, don kawai ya sha iska. Wanda ya san wurin ya san gidajen jan bulo da titunan duwatsu, da tsofaffin ɗakunan ajiyar kayan jiragen ruwa waɗanda yanzu yawancinsu sun koma gidajen abinci. Ina ta nuna masa, shi ko kallo bai yi ba. Muna cikin tafiya sai ya ce, "Tsaya." Ya karkata kunne. Ni ban ji komai ba sai hayaniyar 'yan yawon buɗe ido, shi kuwa ya ji ƙarar guduma a kan katako. Ya juya da sandarsa ya bi ƙarar, ina biye da shi, har wata tsohuwar rumfa a ƙarshen layi.

A ciki wani jirgin katako ne ɗore a kan turaku, rabin jikinsa a buɗe, haƙarƙarinsa duk a waje. Mutane kaɗan ne ke aiki, yawanci tsofaffi masu ritaya. Shugabansu wani dattijo ne baƙar fatan Amurka, dogo, mai farin gemu. Ya yi mana maraba, ya ce jirgin na kamun kawa ne, wani abin ruwa mai ɓawo da mutanen nan ke ci. Kakansa a irin wannan jirgi ya yi aiki har ya tsufa, kuma a duk bakin ruwan nan wannan kaɗai ya rage. Ya ce an sayar da filin rumfar, da sanyi ya shigo za a rushe ta. In jirgin ya hau ruwa kafin nan, an yi musu alkawarin wurin ɗaure shi. In bai hau ba, yanka shi za a yi a kwashe.

Baba ya zagaya jirgin a hankali yana shafawa da hagu. Sai ya taɓe baki.

"Wane ne ya yi wannan aikin? Babu miƙaƙƙen katako ko ɗaya."

Na juya na gaya wa dattijon cewa Baba ya ce aikin ya yi kyau. Baba ya harare ni, ya maimaita maganarsa da turancinsa na makarantar mishan, kalma bayan kalma, duk da nauyin bakin. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai in an samu miƙaƙƙe ɗaya to kuskure aka yi. Ya ja Baba zuwa wani dogon akwati da tururi ke fita daga cikinsa. Suka zaro katako yana zafi, mutum uku suka ruga da shi suka lanƙwasa a jikin jirgin suka matse. Baba ya saki baki yana kallo.

A mota ya ce, "Ni na tsufa ina hana katako lanƙwashewa, su kuma nan turara shi suke yi kamar dambu." Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon haka har na manta.

Daga ranar muka zama 'yan rumfa. Da farko Asabar kawai, daga baya duk ranar da ba ni da aiki. Suka ba shi samfefa yana goge katako da hagu. Ni kuma ina tsaye a kansa, Baba zauna ka huta, Baba sha ruwa. Dattijon ya yi ta kallona, ran nan ya zo ya miƙa mini tsintsiya, ya nuna mini can ƙarshen rumfar. Haka na zama mai sharar garin katako, da takardar shaidar aikin jinyata da komai.

Da aka gama rufe jikin jirgin sai aka zo aikin toshewa. Tsakanin katako da katako akwai siririyar tsaga, ita ake cusa wa auduga. Hannu ɗaya ya riƙe wani ƙarfe mai faɗin baki a kan audugar, ɗayan ya buga da gudumar katako. Ba aikin mai hannu ɗaya ba ne. Ina shara na hango dattijon yana miƙa wa Baba ƙarfen da gudumar. Na yar da tsintsiya na zo da sauri, na ce hannun nan ba ya riƙe abu.

Dattijon ya ce, "Shi ya gaya miki?"

Baba ya karɓa. Ya sa ƙarfen a hannun dama, ya naɗe yatsun a kai da hagunsa, ya ɗaga guduma. Bugu ɗaya ƙarfen ya faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Ban san sau nawa ba. Can gudumar ta sauka a kan babban yatsansa, jini ya fito. Na zaro filasta daga jaka.

Ya ce, "Uwata, je ki yi shararki."

Na tafi, ina share ƙasa ina share ido. Da muka koma gida ya tambaye ni ina ƙwallon robar nan.

Dattijon ya ware masa layi guda a ƙasan jirgin, ɓangaren hagu, ya ce wannan nasa ne, kada kowa ya taɓa. Sauran suna gama layi suna kama wani, Baba yana nan a kan nasa, zaune a kan ɗan benci, yana ci gaba da kamar taki ɗaya a wuni. Ganyen itatuwa ya fara ja, alamar sanyi ya kusa, masu filin suka fara zuwa suna aune-aune a bakin rumfar. Na ji wani cikin ma'aikatan yana cewa a taimaka wa tsohon nan a gama. Dattijon ya ce a'a, a je a yi fenti a ɗaya ɓangaren. Layin Baba ne na ƙarshe da aka rufe a jirgin gaba ɗaya.

Ranar saukar da shi bakin ruwa ya cika da jama'a. Motar ɗaga kaya ta ɗauke shi da manyan igiyoyi ta sauke shi a hankali, mutane suna tafi. Baba ya matsa bakin gadar katako ya leƙa ciki. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ruwa ne ke tsattsafowa ta tsakanin katakan, har da layinsa, yana taruwa a ƙasan jirgin. Dattijon yana can yana fama da injin zuƙe ruwa, ya ɗago ya ce mana kada mu damu, haka sabon gyara yake yi. Baba bai saurara ba. Ya ce in kai shi gida.

Na yi masa tuwo da miyar kuka, abin da ya fi so, ko kallon kwanon bai yi ba.

"Na nutsar musu da jirgin kakanninsu," ya ce. "Da na bar masu hannu sun yi."

Na yi masa bayanin abin da dattijon ya gaya mini, cewa busasshen katako sai ya sha ruwa ya kumbura sannan ya matse audugar. Ya ce kada in lallashe shi kamar majinyacina. Gaskiya ni kaina ban tabbata ba, don ruwan da na gani ba kaɗan ba ne. Kwanakin nan gidan ya koma shiru irin na da, ni kuma ina ta zargin kaina da kai shi wurin tun farko.

Ran nan sai dattijon ya bugo waya da safe, ya ce in kawo masa abokin aikinsa. Da ƙyar Baba ya yarda ya sa takalmi. Muka tarar da jirgin yana lilo a kan ruwa, an kashe injin zuƙe ruwan an ajiye shi a gefe. Dattijon da wani suka riƙe Baba suka saukar da shi ciki. Ya durƙusa, ya sa hannun dama ya bi layinsa daga farko har ƙarshe. Ya ɗago hannun ya duba. Akwai danshi, amma babu ɗigon da ke shigowa.

Ya jima a durƙushe. Sannan ya ce, "Ya sha ya ƙoshi."

Ya miƙe ya ba dattijon hannu, hannun dama, ya riƙe gam yana girgizawa. Tun da ciwon ya same shi bai gaisa da kowa da wannan hannun ba. Dattijon ya ce a hankali dai, kada a karya masa yatsu.

Bayan 'yan kwanaki aka ɗaga babban ƙyallen jirgin, iska ta tura mu tsakiyar kogi. Ni 'yar tudu ce, ruwan da ya wuce gwiwa ba na shiga. Na ɗaure rigar hana nutsewa har wuya, na ƙanƙame benci, na rufe ido ina addu'a. Baba yana zaune kusa da dattijon iska tana kaɗa masa riga, yana ta nuna wa mutane ni yana cewa ga nas ɗin da ke kula da shi. Da muka dawo shi ya riƙe mini hannu na fito.

An rushe rumfar kamar yadda aka ce. Amma jirgin yana nan ɗaure a bakin ruwa, ana fita da 'yan makaranta a cikinsa ana ba su labarin masu kamun kawa. Duk lokacin da na bi ta wurin nakan tsaya in dube shi. Layin Baba yana ƙarƙashin ruwa, ba mai ganinsa, amma ni na san inda yake.

Abin ya canja mini yadda nake aiki. Da, in na shiga ɗakin majinyaci abin da ya lalace a jikinsa nake fara dubawa. Yanzu nakan tambaye shi sana'arsa tukuna, nakan kuma ja bakina in yi shiru in na ga yana ƙoƙarin yin abu da kansa, ko da zai zubar. Ba ƙaramin aiki ba ne a wurina, har yau hannuna yakan yi ƙaiƙayi.

Baba ya koma Kafanchan da ƙafarsa. Hannun bai dawo kamar da ba, amma ya sake buɗe shago, yana ƙananan gyare-gyare yana yi wa masu koyo faɗa. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin jirgin da ya ƙera a Amurka, kuma kowace shekara jirgin ƙara girma yake yi. Kirsimetin da ya wuce ƙanina ya bugo mini waya yana dariya, ya ce yanzu jirgin har motoci yake ɗauka, wai in faɗa masa gaskiya. Na ce masa duk abin da Baba ya faɗa haka ne, ai ina wurin, ni na yi shara.