Ranar Ɓarar Gyaɗar Inna Uwa

Inna Uwa ta haura shekara sittin, kuma ita kaɗai ke zaune a gidan da mijinta ya bari a Roni. Da ya rasu, ƙannensa suka so haɗiye gonar gaba ɗaya. Ta hau ɗan acaɓa, ta je gaban alƙali, ta karɓo tumuninta na gado. Tun daga nan duk matar da ta fita takaba aka hana ta rabonta, Inna Uwa ce ke raka ta kotu.

Bara wata ɗaliba ta zo daga Kano, ta ɗauke ta a waya tana ba da labarin nan. Hoton ya zaga gari, an rubuta a ƙasa: "Feminis ɗin Roni," wato mai fafutukar 'yancin mata. Maza suka yi ta kallo a teburin mai shayi.

A unguwarsu, bayan kaka, mata kan yi ɓarar gyaɗa gida-gida. Mai gida ta dama kunu, a baza tabarmi, a yi ta hira har buhu ya ƙare. Ranar nan ce kaɗai a shekara gidan Inna Uwa ke cika da murya.

Ana gobe ranarta, maƙwabciyarta Fatu ta leƙo ta katanga.

"Inna, maigidana Malam ya ce ba zan zo ɓarar ba. Wai ki fito ki ce ke ba feminis ba ce."

"Ni na san ta ne? Ko haƙoran faɗin sunan ba ni da su. Ki ce masa ba ni ba ce."

Fatu ta yi dariya, sannan ta sunkuyar da kai. "Ya ce kuma ki daina kai mata kotu."

"Wannan kam a'a, 'yar nan. Tumuni Allah ne ya yanka, ba yarinyar Kano ba."

Washegari ta dama kunu a babbar tukunya, ta shimfiɗa tabarma huɗu. Hantsi ya yi, azahar ta wuce, babu wadda ta zo, kunu ya yi sanyi. Ta zauna tana ɓara ita kaɗai, tana jiyo muryoyin matan ta bayan katanga.

Bayan la'asar aka yi sallama. Mu'minat ce, wadda ta fita takaba makon jiya. Inna Uwa ta yi maza ta tura mata tabarma.

"Inna, ba zama na zo yi ba. Gonarmu ce. Ko za ki raka ni kotu Litinin?" Ta waiga ƙofa. "Amma mu haɗu a tasha, kada a ga fitarmu tare."

Inna Uwa ta miƙa mata kunu.

"To, a tasha. Sha kunu dai kafin ki tafi."

Mu'minat ta kurɓa a tsaye, ta fita. Inna Uwa ta naɗe tabarma uku, ta jawo buhun kusa da ƙafarta.