Ƙararrawar Keken Baba

Jiya da hantsi ina kwance da ciwon kai, jikana ya gano ƙararrawar sabon kekensa, ya dinga bugawa a tsakar gida kamar an aiko shi. Na tashi zaune, na riga na haɗa faɗan da zan yi masa. Sai na ji muryar da ke shirin fitowa daga bakina ba tawa ba ce, ta Innarmu ce, Allah Ya jiƙanta. Da irin wannan muryar ta yi shekaru tana faɗa da wata ƙararrawa a gidanmu na Anguwan Rogo, a Jos. Sau ɗaya tak ta yi nasara a kanta, kuma har ta koma ga Allah ba ta so a tuna mata da wannan nasarar.

Babanmu limamin soja ne. Ku da kuka taso yanzu, in an ce limami sai ku hango dattijo a kan buzu, mutane na zuwa gaishe shi. Namu ba haka yake ba. Kaki yake sawa, da takalmin da shi yake goge abinsa, kuma ba ya zama. A lokacin soja ke mulki, ana ta maganar miƙa wa farar hula, bariki kuwa bai ishi sojoji ba, don haka da yawansu haya suka kama cikin gari, daga wajen Naraguta har Abatuwa. Shi da faston soja sai suka raba gari a tsakaninsu. Ba su raba da addini ba, da hanya suka raba: wanda gida ya faɗo a hanyarsa, shi zai leƙa.

To, leƙawar nan ita ce ta hana mu uba. Da ya karya kumallo zai fito da baƙin kekensa. Ya ja sallah a masallacin bariki, ya duba marasa lafiya a asibitin soja, ya shiga inda ake kulle masu laifi ya zauna da su a ƙasa. Daga nan ya raɗa wa ɗan wani suna, ya sasanta wani kofur da matarsa karo na ban san nawa ba, ya bi ƙofa-ƙofa yana tambayar matan da mazansu ba sa gari ko yara sun kwana lafiya. Kafin ya dawo tuwon Inna ya sandare, don sanyin Jos ba ya jiran kowa. Ga shi ya dawo cikinsa cike da kunun wannan gida da gwaten wancan, wai in ya ƙi karɓa ba za su ji daɗi ba.

"Ni kuma in ka ƙi nawa daɗi nake ji," in ji Inna, tana rufe kwano da ƙarfi.

Duk wannan tana haƙuri da shi, da mita dai amma tana yi. Abin da ta kasa haƙuri da shi ƙararrawa ce. Baba ba ya buga ƙararrawa kamar sauran masu keke, don a ba shi hanya. Shi ko hanya babu ko akuya sai ya buga. Yana fitowa daga zaure zai fara, ya buga a kwanar masu ɗinki, in zai shiga kowane lungu ya buga tun daga nesa, in ya dawo ma tun daga bakin titi muke jin sa. Yaran unguwa su bi shi a guje suna kwaikwayo. A makaranta kuwa sunana ya ɓace, na koma 'yar Malam Ƙirrin, har wata malama ta taɓa kira na da haka ba ta ankara ba. Na yi kuka a kan sunan nan ba sau ɗaya ba.

"Malam, don girman Allah," Inna takan ce, "limami guda da gemunsa, kamar mai tallar burodi? Surukanka na jin ka fa."

Sai ya yi murmushi ya ce to. Gobe ya buga.

Akwai dai ranaku jefi-jefi da yakan tura keken ya fita shiru, ko kokon ƙararrawar bai taɓa ba. Mu yara mukan ji daɗi. Inna takan ce yau Allah Ya shirye shi.

Abin da ba mu sani ba, wanda kowace matar soja a Jos ta sani, shi ne wannan. In soja ya rasu a wajen aiki, limami ko fasto ake turawa ya faɗa wa iyalinsa. Tun bayan yaƙin basasa mata suka koyi tsoron kakin Baba. Da sun hango shi wata ta shige ɗaki ta sa sakata, wata ta zube inda take, alhali gaisuwa kawai ya zo yi. Sai ya yi musu alkawari: in kun ji ƙararrawa, lafiya ce ta kawo ni. Ranar da ya zo da mummunan labari kaɗai yake zuwa shiru. Shekaru suna rayuwa a kan wannan alkawarin, mu da muke kwana gida ɗaya da keken ba mu da labari.

A damanar da nake ba ku labari, an tura wasu sojoji aikin kwantar da rikici a wata ƙasa, kuma labarinsu ba ya zuwa sosai. Cikin matan da aka bari akwai matar wani kofur, 'yar ƙauyen kan duwatsu, Kirista, tana haya kusa da Abatuwa, lungu ɗaya da gwaggona. Tana da tsohon ciki, kuma sau biyu tana ɓari kafin wannan. Likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali. Mun san da ita ne don wata rana Baba ya roƙi bargon Inna na biyu ya kai mata.

"Ko sallarka ba ta bi," in ji Inna.

"Mijinta soja ne," ya ce.

Ta miƙa bargon tana cewa wata rana katifar ma zai ɗauka ya bar mu a kan siminti. Sai da ya kai zaure ta bi shi da ƙullin daddawa da kuka, ta ce ya haɗa mata, mai ciki na son miya mai ɗanɗano.

Ana haka autanmu ya kwanta zazzaɓi. Ya wahala, Inna ma ta wahala, sai wata safiyar Asabar barci mai nauyi ya ɗauke shi. Inna ta ce wa Baba ko tari ya yi a zauren nan ba za ta yafe ba. Ya ce to. Amma ta san irin "to" ɗinsa. Yana banɗaki na ga ta kwance murfin ƙararrawar, ta cusa tsumma ta danna da ɗan yatsa, ta mayar ta ɗaure. Ta dube ni ta ce, "Yau dai mu ma mu ji yadda gidajen mutane suke." Na yi dariya, har raina na ji daɗi.

Ran nan Baba ya cika alkawari, ya tura keken shiru har bakin titi. Ni ya ɗora a baya, zai ajiye ni gidan gwaggo a yi min kitso. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, duwatsu sun yi baƙi da laima, hanya kusan babu kowa. Yana tuƙi yana karatu a hankali. Ya ce min yau yana da albishir: wani soja da aka dawo da shi jinya ya ga kofur ɗin nan, mijin mai cikin, da idonsa, lafiyarsa ƙalau.

Lungun nasu a gangare yake. Daga sama kana ganin jerin ɗakunan haya, da famfo a tsakiya, mata sun kewaye shi da bokitai. Warin fata da hayaƙin babbaka na tasowa daga wajen mahauta. Mun fara gangarowa, na ga babban yatsan Baba ya danna. Babu komai. Ya sake dannawa, ya sake. Wani ɗan sauti kawai ke fita, kamar an taka busasshen ganye.

Sun riga sun gan mu. Ban taɓa ganin hira ta mutu haka ba. Famfo na zuba, bokiti ya cika yana ambaliya, babu wadda ta kashe. Ba fuskarsa suke kallo ba, tayar gaba suke kallo, su ga ƙofar da za ta nufa. Keke kuwa a gangare ba ya tsayawa don an so, ga laka. Ya nufi inda dama zai je.

Tana tsaye a ƙofarta da tsintsiya, ta yafa bargon Inna. Ba ta yi ihu ba. Ta jingina tsintsiyar da bango a hankali, ta dafa cikinta da hannu biyu, ta zame ta zauna cikin ruwan da ya kwanta a ƙofa.

Abin da Baba ya yi, da Inna ta gani da ta nemi ƙasa ta tsage. Ya saki keken, ni da shi muka kusa faɗuwa, ya ɗaga hannu sama, limami guda da kakinsa da gemunsa, ya buɗe baki iya ƙarfinsa:

"Ƙirrin! Ƙirrin! Ƙirrin!"

Ya juya wajen famfo ya yi musu, ya juyo wajenta ya yi mata. Sannan ya durƙusa cikin lakar ya ce, "'Yata, lafiya ce. Ƙararrawa ce ta lalace. Mijinki na nan da ransa, an gan shi."

Ta ɗago ta kalle shi. Ta ce, "Oga Liman, keke bai yi magana ba."

"Bai yi ba. Ni na yi a madadinsa."

Wata a wajen famfo ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Matar wani saje, wadda suke kira magajiya don ita ce babbarsu, ta zo ta tsaya kansa tana haki ta ce, "Malam, yau ka kashe mata goma ka tashe su." Ita ce ta lura ruwan da ke ƙarƙashin matar kofur ba na sama ne kaɗai ba. Naƙuda ta taso, lokaci bai yi ba. Wani mahauci ya kawo akori-kurarsa, aka wanke bayan motar da bokitan nan, aka shimfiɗa bargon, suka tafi asibiti. Baba ya bi su a keke. Ni aka manta da ni sam, gwaggo ce ta tsince ni.

Da yamma ya dawo, wandonsa duk laka. Ya zauna a zaure ya kwance murfin, ya zaro tsumman. Gefen tsohon zanen Inna ne, kowa a gidan ya san shi. Ya ninke shi ya miƙa mata, ya faɗa mata abin da ya faru, bai ƙara ko kalma ɗaya ta zargi ba. Ya ce an haifi mace, 'yar mitsitsiya, likitoci sun ce sai an ga abin da Allah zai yi.

Na zaci Inna za ta yi kuka. Faɗa ta fara.

"Shekara nawa kana buga min abin nan a ka? Ina baki? Da ka ce min ga dalili, ni mahaukaciya ce zan taɓa? Matan gari duk sun sani, matarka ce bare?"

Ya bari ta gama. Ya ce, "Da kin sani, duk ranar da na fita shiru ke ma sai kin wuni da gawa a ƙirjinki. Na so a samu gida ɗaya da ƙararrawa ba ta da wata ma'ana sai hayaniya."

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da kwanon kunun kanwa, ta ce wa kakarmu ta kula da auta. Tun daga ranar kullum tana hanyar asibiti. Da aka sallame su ita ta yi wa matar wankan jego, don uwarta na nesa, tana yi tana mitar ba ta cin abinci. Yarinyar ta rayu. Kofur ya dawo ya same ta tana zama da kanta.

Kada ku zaci Inna ta daina faɗa. Ta ci gaba da cewa kamar mai tallar burodi. Sai dai na lura kowace safiya takan tsaya da muciya a hannu har sai ta ji ƙirrin daga zaure. Ranar da ba ta ji ba, ba ta ce Allah Ya shirye shi, sai ta shimfiɗa sallaya. Abin da ya ɓoye mata ya same ta, kuma ya san ya same ta.

Yanzu ɗana na biyu soja ne, yana can inda ba a son uwa ta tambaya. Babu mai zuwa a keke. Maƙwabciyata a waya ta ga hoton ɗanta soja da ya rasu, wani ya tura cikin taron hira tun kafin a sanar da ita, har da masu sa hannun addu'a a ƙasa. Abin yana ba ni haushin da ban san inda zan kai shi ba. Ni dai in na kira mutum, kafin sallama nake cewa lafiya ce. 'Ya'yana sun gaji da ni. "Mama, mun sani, kullum sai kin faɗa." Su gaji.

Jikan nawa kuwa ban yi masa faɗan ba. Na ce dai ya fita da keken ƙofar gida, don kaina na ciwo da gaske. Na koma na kwanta, na bar taga a buɗe.