Gilasai Uku a Hanyar Lolo

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da abokin aikina da direba. Fiziks nake koyarwa, kuma wata makarantar 'yan mata kusa da Lolo, bakin iyakar Benin, ta gayyace mu mu nuna yadda ake aika saƙon sirri da ƙwayoyin haske. Don ɗoki ko karyawa ban yi ba.

A Bagudo muka rama. Soyayyen kifi da yaji, ga araha, har direba ya ce a bar shi nan, mu ɗauke shi in mun dawo. Muka haye kogin Kwara, shinkafa kore shar dama da hagu. Daga nan hanya ta koma ta babura masu jarkokin fetur, ramuka kuwa sai da suka dawo min da kifin wuya.

Dab da iyaka aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya buɗe akwatina, ya ga fitilar leza da baƙaƙen gilasai uku, ya ce za su zauna wurinsa sai ogansa ya zo da yamma. Ga shi da azahar ake tashin ɗaliban. Na roƙe shi ya bari in nuna masa aikinsu.

A inuwar mota na haɗa gilasai biyu, ɗaya tsaye ɗaya kwance, na haska fitilar ta cikinsu, hasken ya mutu. Na ba shi na ukun ya zura a tsakani a karkace. Jan ɗigo ya bayyana a ƙofar mota. Ya cire, ya ɓace. Ya mayar, ya dawo. Da Hausa na ce masa wannan kwatance ne kawai, amma haka ƙwayar haske take: duk wanda ya auna ta a hanya ya sauya ta. In an aika mabuɗin sirri, wato lambobin da ake buɗe saƙon da su, ƙwaya bayan ƙwaya, mai aikawa da mai karɓa suna gwada kaɗan daga ciki su gane ko an leƙa.

Jami'in ya ce, "Wato saƙon da kansa yake kai ƙarar ɓarawo." Ya rufe akwatin, ya miƙo min, ya ce mu yi sauri.

Mun isa a makare, amma ba wadda ta tafi. Suka yi ta rububin riƙe gilashi. Wata daga baya ta ɗaga hannu: "Malam, in ɓarawon bai daina leƙe ba, saƙon ba ya zuwa ke nan?" Na ce ƙwarai, sai a jefar da mabuɗin a sake wani. Murna ta sa na manta sauran abin da na shirya.

Bayan magariba muka shigo gida, jiki duk ciwo. Na daɗe ina koyar da wannan darasi da Turanci, ɗalibai suna gyangyaɗi. Sai da tsoron rasa fitilata ya kama ni a bakin titi na gano ashe yana faɗuwa da Hausa.