Ciwon Ƙanwata Ya Sake Hanya

Muna idar da sallar asuba muka bar garinmu Gulma, ni da ƙanwata, sauran maganinta na ɗaure a bakin zanena. Kullutun da ke nononta ya lafa da maganin asibiti, sai kuma ya dawo. Mijinta ya ce jabu aka ba ta, a bar asibiti a koma jiƙo. Na roƙe shi ya bari mu je Birnin Kebbi tukuna.

A tashar Argungu kuɗin mota ya ƙaru, wai fetur ya yi tsada. Mai soyayyen kifi ta bi mu har taga. Na saya, na kasa ci. Direbanmu kuwa duk ramin da ya gani sai ya shiga ya gaishe shi. Ni dai idona na kan ƙanwata, ita nata na kan shinkafar fadama.

Muka sauka unguwar Gesse a Birnin Kebbi wajen ɗiyata ta fari, wadda ke nazarin ƙwayoyin halittar jiki da kwamfuta a jami'a. Ko mayafi ban cire ba na kwance mata maganin.

"Inna, sha ruwa dai, sannan ki zo ki ga wani abu."

Ta nuna mana ɗigo-ɗigo a kwamfutarta, layuka sun haɗa su. Ta ce a cikin ƙwayar ciwo saƙo ke tafiya hannu da hannu, yana cewa ki rabu, ki yawaita. Ta danna, layi ɗaya ya mutu, wai aikin magani ke nan. Ina shirin hamdala sai wani siririn layi can gefe ya kama haske.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ruwan gonarmu ke nan. A datse nan, ya ɓalle can."

Ɗiyata ta ce shi ya sa suke gwada datse hanya biyu a kwamfuta, amma wannan lissafi ne, jikin mutum sai likita. Washegari likita ya duba ƙanwata, ya ce maganin na gaske ne, za a yi gwaji a sauya mata wani.

Na dawo da sanin cewa magani kan gaza ba don jabu ba ne. Da yamma na sami mijin ƙanwata a gona, laka har gwiwa, yana toshe inda ruwa ya ɓalle. Muka gaisa, na faɗa masa abin da likita ya ce. A hankali na ce, "Malam, da ruwan ya ɓalle, barin gonar ka yi?"

Ya ƙarasa toshe wurin. Sannan ya wanke hannu, ya tambayi ranar komawa asibiti.