Sodangi da Duwatsun Ubansa

Alhassan, mahaifin Sodangi, ya yi shekara talatin yana kwashe duwatsu daga gonarsa da ke gangaren tudu a bayan Sakajiki. Sodangi kuwa ya yi shekara goma sha biyu yana mai da su ciki. Tarihin gidan ke nan in an taƙaita.

Gonar ce kaɗai abin da tsohon ya bar masa, ita ma ba mai zama wuri ɗaya ba ce. Duk damina sai ruwa ya kwashi ƙasarta ya gangara da ita gonar Muhtari da ke ƙasa. Sodangi ya kai taki da jaki, Muhtari ya girbe geron, ya kuma gode wa Allah a bainar jama'a.

A tsakiyar gonar akwai wani falalen dutse da Alhassan ke salla a kai. Sa'ad da Sodangi yake yaro, daidai yake da ƙasa, takawa kawai ake yi. Shekarar da ya cika arba'in sai ya lura ya mai da shi kujera, don ya kai masa gwiwa. Dutse dai ba ya girma. Ranar ya ji tsoro sosai, don ya gane cewa gadon 'ya'yansa yana komawa wajen Muhtari kaɗan-kaɗan.

Bai nemi shawarar kowa ba. Ya tsaya cikin ruwan sama tsamo-tsamo ya ga hanyar da ruwan ke bi. Rani na yi, ya shiga jera duwatsun ubansa suna gitta gangaren, har layi shida, ya dasa gamba a jikin kowane layi.

Nan surutu ya tashi. A Sakajiki a kan iyaka ake dasa gamba, saboda haka wanda ya dasa ta a tsakiyar gonarsa rabo yake yi. Wasu suka ce sayarwa ya yi gunduwa-gunduwa. Wasu suka zo gaishe shi da jiki, tunda mai lafiya ba ya raba gadonsa da hannunsa. Matarsa Fatimatu ta kawo masa fura, ta tsaya ta ƙirga da yatsa.

"Malam, ɗiyanmu ukku na. Ga gona bakwai. Sauran huɗun na wa na?"

"Na ruwa na," in ji Sodangi.

Ya yi mako guda yana cin tuwo ba man shanu.

Damina ta farko ruwa ya ture layi biyu, ya sake jerawa. A ta uku ƙasa ta fara kwanciya a bayan duwatsun, gamba ta kama ta ta riƙe. Masu dariyar nan su ne suka koma zuwa roƙon gambar saƙa zana, yana yankar musu. Muhtari ne dai ya hauro wata rana ransa a ɓace.

"Sodangi, bana hatsina ya rame. Mi niy yi maka?"

"Ba komi, Muhtari. Wanda kac ci baya, Allah shi amfana."

Bara, bayan girbi, gwiwa ta dame shi, ya je dutsen don ya zauna. Babu wurin zama. Ƙasa ta taso ta zo daidai da bakin dutsen. Ya yi tsaki, ya ce wa Fatimatu gona ta lalace, mutum ba ya ko samun inda zai huta.

Sai kuma ya sake duban dutsen. Ya cire takalmansa, ya share dutsen da tafin hannu, ya taka kai ya ta da sallar la'asar. Ya daɗe a sujadar ƙarshe, don kuka yake yi, bai kuma ɓoye ba. Da ya sallame sai ya dafa dutsen.

"Baba, ga gonakka ta komo."