Hutun da Tamar Ta So Ta Ajiye

Idan ka ga Tamar da safe tana haura hanyar tasha da jakar littattafai a kafaɗa, sai ka ce wani ne ya biyo ta. Haka take sauri tun tana yarinya a Fadan Kagoma, inda take yanka cittar ubanta ta shanya kafin ta ruga makaranta. Yanzu ita ce malamar aji biyu a wata firamare ta ekklesiya, wato ta coci, a nan Kafanchan. Gida ɗaya muke haya, ƙofata na kallon tata, don haka labarin nan ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Ta daɗe da auren Azariya, mai gyaran babura, ba haihuwa. Ciki ɗaya da ta taɓa samu ya zube. Da wannan ya zauna, duk gidan muka riƙa lallaɓa ta kamar ƙwai.

To, malamai matan makarantarsu suna da wata al'ada da ni dai ba ta taɓa burge ni ba. Hutun haihuwa ba yawa gare shi ba, kuma ranar da kika fara shi ranar ya fara ƙarewa. Saboda haka ba mai taɓa shi kafin naƙuda. Mace za ta yi ta jan ciki a gaban allo don hutun ya rage mata cif, ta yi shi da jariri. Wadda jikinta ya gaza kuwa sai 'yan'uwa su rufa mata asiri. Wannan ta riƙe mata aji, waccan ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakin ajiya, in shugabar makaranta ta tambaya a ce ta zaga bayi. Su a wurinsu zumunci ke nan.

Cikin na wata bakwai ƙafafun Tamar suka kumbura har ta koma sa silifas ɗin mijinta. Kai kuma kullum yana sara mata. Na yi magana har bakina ya gaji.

"Tamar, wannan ya wuce laulayi. Ki je asibiti."

"Mama Dinah, in na je za su kwantar da ni. Madam zai ce in fara lif, hutun haihuwan ke nan. Bebi ya zo, ba ni da ko sati a hannu."

Har ranar awo ta fara tsallakewa. Ƙawarta Joanna, malamar aji uku, ita ce mai dafa mata shayin citta a ofis. A ƙasar nan ko babur ne ya buge ka, citta za a fara dafa maka. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa.

Joanna ce ta ba ni labarin yadda asirin ya tonu. Kowace safiya a taron ɗalibai malami ɗaya ke yin karatun ibada, ranar kuwa layi ya zo kan Tamar. Shugabar makarantar, Madam Hellen, wadda yara ke jin takunta su yi tsit, ita ta buɗe shafin littafin ibadar da hannunta ta miƙa mata. Tamar ta duba, haruffan suka narke, sai wasu ɗige-ɗige ke yawo a idonta. Maimakon ta faɗa, sai ta gyara tsayuwa ta zubo wata zabura da ta haddace tun tana makarantar Lahadi, da ƙarfi, ba tuntuɓe. Yara suka ce amin. Malamai suka sauke numfashi.

Madam ta bari yara suka shige aji, sannan ta sake miƙa mata shafin.

"Anti Tamar, ba wannan na buɗe miki ba. Karanta mini layin farko."

Hawaye suka zubo wa Tamar. "Madam, ba na gani da kyau."

"Tun yaushe?"

Joanna ce ta sunkuyar da kai ta faɗi komai, har da tabarmar. Madam ta kalli malaman ɗaya bayan ɗaya.

"Kuna so sai Anti Tamar ya faɗi ya mutu a sito kafin ku gaya mini?"

A motarta ta kai ta asibiti. Nas ta auna jinin, ta sake aunawa, ta fita da sauri ta kira likita. Ya ce hawan jinin masu ciki ne, da an ƙara jinkiri jijjiga ce za ta kama ta, a rasa uwa da ɗa. Aka ba ta gado, hutun ya fara a ranar.

Da na kai mata fate da yamma na tarar tana kukan hutunta. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin ganin mutum a gadon asibiti ba sai ranar. Azariya na zaune a gefe da baƙin mai a hannu, sai godiya yake wa Ubangiji.

Ta yi makonni a kwance, jinin na hawa yana sauka. Daga ƙarshe aka yi mata aiki kafin lokaci, aka ciro 'yar mitsitsiyar yarinya mai kuka kamar mage. Suka sa mata Godiya.

Hutun ya ƙare tun yarinyar ba ta riƙe wuya ba. Yanzu ni ke riƙe ta da safe, in an fita tara Azariya ya kawo uwar a babur ta ba ta nono ta koma. Da wahala, ba na musu.

Kwanan baya Joanna ta zo gaisuwa, ta tarar da Tamar tana shafa wa yarinyar mai.

"Kai, Anti Tamar, abin ya yi mini zafi. Rabin lif naki ya tafi a asibiti a banza."

Tamar ba ta ko ɗago kai ba.

"Joanna, da na ajiye shi, da wa zan yi shi?"