Kwamfuta Mai Surutu

Duk wanda ya taɓa bin layin bayan kotu ya san shagon Maman Tafireta, ko da bai taɓa leƙawa ba. Tun daga kwana za ka fara jin ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ruwan sama a kan kwano. Da tafireta ta koyi buga takardu tun tana budurwa, irin mai taurin nan da sai ka daki harafi da ƙarfi kafin ya fito. Da kwamfuta ta zo ta karɓe ta hannu bibbiyu, amma yatsunta suka ce ba su san zancen ba. Har yau dukan madannai take yi kamar sun yi mata laifi.

Shagon a jikin gidansu yake, da ƙofar ciki mai labule. Bayan labulen mijinta yake wuni, tsohon direban babbar mota, wanda idonsa ya yi ta dusashewa har ya daina gani. Malam ba ya son a riƙa lallaɓa shi. In dai yana jin ƙarar madannai, hankalinsa kwance yake, ya san tana nan kuma lafiyarta ƙalau. Kunnensa ya saba da aikin har ya kai in ta yi kuskure ta goge, sai ka ji shi daga ciki: "Kin goge, ko?" Ita kuma ta ce, "Na goge, sarkin bin diddigi."

To, tsohuwar kwamfutar ta gaji. Fankarta sai gurnani, ga mutuwa tsakiyar aiki, ta tafi da takardar da aka kusa gamawa. Mai gyara ya duba, ya ce, "Mama, don Allah ki bar baiwar Allah nan ta huta." Kafin a sayi sabuwa, autarta ta ara mata laftof ɗinta, siririya mai sheƙi, madannanta laushi tuɓus, ko motsi ba ka ji.

Nan wahala ta soma. Ba a jimawa sai Malam ya ɗaga murya, "Kina nan?" Ta amsa. Can kuma ya sake. Wata rana da hantsi tana sauri, ga mutane a tsaye suna jira, ba ta ji kiransa ba. Sai ƙarar faɗuwar kujera ta ji. Ta tarar da shi a bakin labule yana lalube, ya daki ƙwaurinsa, fuskarsa duk tsoro. Mutumin da ya sha tuƙa mota cikin daji shi kaɗai! Wallahi abin ya tsaya mata a rai, ta koma kan aiki idonta cike da ƙwalla.

Da suka je kasuwa ita da Auta, mai shago ya jera musu kaya. Auta ta liƙe wa wata fara mai kyau.

"Mama, dubi wannan, ko nauyi babu."

"Ɗaukarta zan riƙa yi a ka? Ni mai zama wuri ɗaya nake nema."

Ta ja kujera ta zauna, ta shiga jero tambayoyi. Tana zafi in an wuni a kanta? In wani abu ya lalace, ana samun kayan gyaranta a nan, ko sai an aika? Garantin nan da gaske ne, ko na baki? Mai shago bai ƙosa ba, ya gaya mata gaskiya cewa farar ta fi gudu, amma akwai wata baƙa ta tebur, ba ta da kyan gani, sai dai duk waɗanda ya sayar wa ba su dawo da kuka ba. Ta sa ya buɗe mata cikinta, ta leƙa, ta sa tafin hannu ta ji iskar fanka. Ta gyaɗa kai.

"Saura kibod. Kawo mini wanda ya fi kowanne surutu."

Mai shago ya yi dariya. "Mama, kowa shiru yake nema fa."

"Ni ba kowa ba ce, ɗan nan."

Ya tono wasu daga ƙasan kanta, ya kaɗe ƙura. Ta ce Auta ta fita waje, ta ja ƙofa, ta rufe ido. Ita kuma ta daki na farko. "Kina ji?" Auta ta ce sama-sama. Ta ture shi. Da ta hau na ƙarshe, wani jibgege mai dogayen madannai, sai ga Auta ta turo ƙofa tana toshe kunne. Amma ba dariya take yi ba, don yanzu ta gane wa ake saya wa.

Washegari da safe Maman Tafireta ta kunna sabuwar kwamfuta, ta gyara tabarau, ta soma aiki. Shiru daga bayan labule, babu mai tambayar ko tana nan. Ta buga shafi guda tas, babu kuskure ko ɗaya. Sai ta yi murmushi, ta danna harafin banza da gangan, ta goge.

"Kin goge, ko?"

"Na goge, Malam."

Ta ji ya gyara zama, ya ƙara muryar rediyonsa.